Gwaje-gwajena Ɗari Huɗu da Tubalan Hafsat

Lazaret, Yamai

Zuwa ga yayana Abdoulkarim a Kwatano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan, ya sa albarka a shagonka. Mu nan lafiya lau. Matata Fati ta warke daga zazzaɓi, har ta koma rumfarta a kasuwa.

Maganar 'yarka Hafsat ce ta sa na rubuto. Ka san ni na kai takardunta kamfaninmu mai manhajar sayar da tikitin mota. Ka san kuma ban wuce kwaleji ba, wato ƙaramar sakandare, a gidan intanet na Harobanda na koyi ordinata, wato kwamfuta, da kaina. Shekara bakwai ni nake rubuta gwaje-gwajen da inji yake yi wa manhajar: ya buɗe, ya shiga da suna, ya zaɓi gari, ya duba ko kujera ta fito daidai. Ɗari huɗu da sha biyu na rubuta, kowanne cikakke daga farko har ƙarshe, ba ya jingina da wani. Darakta har baƙi yakan kawo teburina su gani.

Hafsat kuwa ta zo da difilominta, ta ce ba a maimaita abu ɗaya sau ɗari huɗu. Ta rubuta hanyar shiga sau ɗaya, zaɓen gari sau ɗaya, ta kira su tubala, kowane gwaji ya ɗauki wanda yake so. Na ce mata wannan aikin malalata ne. Sai ga shi watan jiya an canza ƙofar shiga, lambar talho ta maye gurbin suna. Yaya, nawa duka suka faɗi rana ɗaya, domin a cikin kowanne na kwafe tsohuwar hanyar. Kwana tara ina bin su ɗaya-ɗaya. Ita wuri ɗaya ta gyara, kafin shayi ya huce nata sun tashi. A taro ta russuna ta gaishe ni, Baba ina kwana, sannan ta haska jajayen layukan gwaje-gwajena da suka faɗi a bango kowa yana kallo. Ban ce da gangan ta yi ba. Amma ladabin ya fi haskawar ciwo.

Yanzu darakta ya ce ran Litinin za a naɗa shugaban sashen gwaji, kuma idan yana maganar ba ni yake kallo ba. Da niyyar in roƙe ka ka kira ta ka ce ta haƙura da kujerar bana na fara wasiƙar nan. To amma sati guda ke nan ina gina nawa tubalan a ɓoye don in nuna ba wani abu ba ne, yanzun nan na duba na ga nata na kwafe, sunaye kawai na canza. Saboda haka kada ka kira ta. Abu ɗaya nake roƙo: idan ta hau kujerar, ka gaya mata a ofis ta daina russuna mini, ta ba ni aiki kamar kowa. A gida kuwa ina nan Babanta. Maganar kwafen ta tsaya tsakaninmu.

Ka gaishe da uwargida, da Halidu, da Sumana. Fati tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Mumuni