Kar ki ƙara kwantar da yayanki a wurin ɗumi

Bok-sun,

Na tarar kin sake kwantar da Man-seok rigingine inda wutar ƙarƙashin ɗaki ta fi sa daɓe zafi. Wai girmama yaya! Mutumin da ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa? Da na juya shi, gyambon bayansa ya buɗe, har ya ɗauki siffar tsibirin Jeju. Na daɗe ina kallo, raina yana tafasa. Shi kuwa dariya yake: "Baba, in na gasu hancinka zai gaya maka."

Na tafi kiran nas. Duk sa'ad da jirgin fito ya busa ƙaho, ki juya shi ɗaya gefen, ki sa matashin kai tsakanin gwiwoyinsa. In gyambon nan ya kai ƙashi, asibitin birni za su riƙe shi, ni kuwa ba ni da wani ɗan.

Babanki