Na'urar Sanyin da Ƙaninka Ya Gyara

Baban yara,

Na fita ban tashe ka ba. Makullin mota na kan firij.

Jiya a hanyar kai Mama asibiti na murɗa maɓallin na'urar sanyin da ƙaninka ya gyara, sai iska ta buso mana kamar daga bakin murhu. Na duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. Da na leƙa ƙarƙashin sitiyari, sai ga wayar na'urar tana reto. Ƙaninka ko mayar da ita bai yi ba. Na kira shi, wai in yi haƙuri, sai motar ta saba.

Mama ta jiƙe sharkaf da gumi, amma tana ta shi wa autanta albarka.

Ka kai motar wani gareji yau. In zumunci ya hana ka, gobe kai za ka kai mahaifiyarku, da tsakar rana.