Faɗan da Aka Yi a Gadarmu

Baden, 9 ga Yuli, 1849

Zuwa ga yayana Kilian,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji takardar nan ta same ka lafiya, kai da Afra da yara can Amirka. Inna ta samu sauƙi, sai ciwon ƙafar nan.

Yaya, ranar Juma'a da hantsi aka yi faɗa a gadar ƙauyenmu. 'Yan tawaye wajen arba'in suka tare ta da amalanke da ganguna, kuma ɗana Fridolin yana cikinsu da bindigar farautar marigayi babansa. Na je na riƙe rigarsa, na ce ya zo mu tafi, ciyawa na jiran yanka. Ya yi dariya, wai ciyawa ba ta da ƙafar gudu. Ban kai gida ba sojojin gwamnati suka ɓullo ta gonakin inabi da igwa. Mu mata muka shige coci. Harbin bai kai awa guda ba. Da muka fito, mutum bakwai ne kwance, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juya fuskokinsu. Wendelin maƙeri yana ciki. Nawa ba ya ciki.

A rumbun ciyawar da ke saman kicin na same shi, harsashi ya fasa masa dantse. Washegari wani hafsa ya shigo ya zauna, ya ce in zuba masa miya. Yana sha yana tambayata ina ɗana, alhali yaron yana kwance daidai saman kansa, katako kawai ya raba su. Na ce ai tun bikin Ista ya tafi wurin kawunsa a Amirka. Ya rubuta sunanka, ya ce miyar ta yi gishiri, zai dawo.

Ka yafe mini, na sa ka cikin ƙaryata. Jibi wani mai fataucin agogo zai tsallaka kogin Rhine da Fridolin da wannan takarda, ya fitar da shi daga ƙasar ya sa shi a hanyar Amirka. Don Allah ka karɓe shi. Duk wanda ya tambaya, tun Ista yana wurinka.

Inna da ƙanwarmu Notburga suna gaishe ku. In ka rubuto kada ka ambaci sunansa, ka ce kawai saƙo ya iso.

Ƙanwarka,
Walburga