Ciyawar da Kuka Gani a Hoto

Zuwa ga ƙanena Makau,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ba Inna sauƙin ƙafar nan, ya tsare ku a gida da gona. Na ji maiɗakinka Naja'atu ta sauka lafiya, Allah ya raya. Damina uku ke nan rabona da Gummi, ko yayan jinjirin nan ban taɓa ɗauka ba.

Tasi'u direba ya faɗa mini saƙonka wancan zuwan nasa, tunda waya ba kullum take shiga wajenku ba. Ya ce ka yi magana da mai babbar mota, bayan Sallah za ka lodo bijiman huɗarmu biyu zuwa nan Kaduna su yi kiwo har ruwa ya sauka, don fadama ta ƙone, daji kuma ba ya shiguwa. Makau, don Allah kada ka lodo su. Ciyawar da kuka gani a hoto ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ga yadda abin yake. Alhajin da nake tuƙawa likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa, sai ya shiga wasan golf, wanda ake bugun ɗan farin ƙwallo da sanda ana bin sa har ya faɗa rami. Bai iya ba, ba ya kuma son abokansa su ga bai iya ba, sai ya ba ni tsofaffin sanduna mu koya tare. Ban ce ya wulaƙanta ni ba, mutumin kirki ne. Amma ni da na tashi da garma a hannu, ga ni da furfura ina kai wa ƙwallo duka ina tono ƙasa. Mai koya mana ya ce ina sara kamar mai faskare, kuma gaskiya ya faɗa.

In an gama, Alhaji kan shiga ciki shan shayi, inda direba ba ya shiga. Ni kuwa sai in je bakin tafki da tsohuwar wayar da ya ba ni, mai ɗan gilashi a bakin kyamara da ke ƙara wa ƙaramin abu girma. In yi rub da ciki, in riƙe numfashi, in jira iska ta kwanta, in ɗauki idon mazari ko raɓa a kan ganye. Nan kaɗai zuciyata ke yin sanyi a garin nan. Haka na ɗauki hoton ciyawar da na aika wa ƙanwarmu Hidaya, waya na taɓa ƙasa. Ban yi bayani ba, so nake a ce Lauwali yana wuri mai kyau. Tasi'u ya ce Inna ta daɗe riƙe da wayar, ta ce ciyawar burugu ce irin ta ƙuruciyarsu mai kai wa ƙirji, Allah ya buɗe wa dabbobi hanya, har ta sa mini albarka.

Filin golf ɗin ya fi gonakin gidanmu duka a haɗe. Kullum safiya ana ba shi ruwa, inji ya aske shi, a kwashe a zubar bayan katanga. Ko akuya ba ta shiga. In ka kawo bijiman, a bakin ƙofa za a tsayar da ku, ni kuma ɗakina na bayan gidan Alhaji ko turke babu wurin kafawa.

Na roƙi masu kula da filin suka bar mini ciyawar gefen katanga, inda ta yi tsawo. Ta tsakiya ban taɓa ba, don ana fesa mata magani, mu kuwa da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyen Yargalma ba ma wasa da dafin da ido ba ya gani. Na sayi lauje. Ina yanka bayan wasa, sanye da farin takalmin da Alhaji ya ba ni, masu wucewa na kallo, in shanya a kan rufin ɗaki.

Na sake ɗaukar wani hoton, a tsaye wannan karon, ƙwallo na kan ciyawar kuma ya fi ta tsawo. Yana wayar Tasi'u. Ka nuna wa Inna da kanka, a hankali, ka ce ina neman gafara.

Ka gaishe ta da kyau, da Naja'atu da jinjiri, da Hidaya, da Baffa Ubaidullah na ruga. Abin da na iya tarawa yana cikin motar Tasi'u: busasshiyar ciyawa buhu bakwai, na takwas bai cika ba. Na san ba za ta kai bijiman damina ba. Ka riƙa haɗa musu da dusa, ni kuma ina nan ina yanka.

Naka yayanka,
Lauwali