Mai-Tozo da Ranar Rantsarwa

Kiru, Talata, tsakiyar watan Zulƙida.

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga Mudi ɗan Dije zuwa ga taubashina Hamman ɗan Kawu Buba, can ƙasar Doguwa, bayan daji, inda labari ke isa a gajiye. Gaisuwa mai yawa. Ina Kawu, ina Inna Halima, ina shanu? Don ladabi kawai na sa shanu a ƙarshe, na san su ka fi so a fara tambaya.

Bayan haka ina yi maka jaje. An ƙirga ƙuri'a, an faɗa a rediyo, mu 'yan laima mun ci shugaban ƙasa, ku 'yan masara kun sha ƙasa. An ce mini da aka miƙa wa Kawu takarda bai tambayi sunan kowa ba, ya ga zanen masara ya ce wannan dai ya san ta, ya dangwala.

Nan Kiru 'yan achaɓa sun ɗaura ganye a babura suna ta zagaye gari har mansu ya ƙare, suka koma gida da turi. Kowa da abin da yake jira. Habu mai shayi ya ce sukari zai sauko. Innata ta ce ita dai a ba ta kananzir. Tsofaffin bakin masallaci sun ce soja su koma bariki tukuna, sauran magana sai an gani.

To ga babban labari. Sabuwar gwamnati za ta aiko da tarakta kowace mazaɓa kafin ruwa ya sauka, a yi wa talaka huɗa kyauta. Amma an ce duk mai shanun huɗa ba za a sa sunansa ba, tunda shi mai hali ne. Malamin gona zai bi gida gida yana leƙa turke. Taraktar kuma tana da rediyo a goshi, tana sha fura maimakon mai, kuma idan ta ga ɗan masara mai dogon wuya irinka sai ta yi masa gwalo.

Ka gaishe da Kawu da kyau. Kai kuwa ba na gaishe ka sai ka zo ka yi mini murna a tsugune. Wassalam.

*

Doguwa, ƙarshen Zulƙida.

Zuwa ga Mudi. Bayan sallama, ina fata Goggo Dije da mutanen gida suna lafiya.

Takardarka ta zo ba na nan, ina mashekari da garke. Direba ya ba Baba. Ka san Baba ba ya karatu, sai ya kai wa Liman bayan Azahar, jama'a ba su watse ba. Liman dattijo ne, bai ga ya dace ya karanta shashanci a ƙofar masallaci ba. Ya tsallake dogon wuyana da fura da gwalo, ya karanta musu abin da ya ga mai amfani ne, wato tarakta da malamin gona mai leƙa turke.

Wani ya ce anya kuwa? Baba ya ce takarda ce ta ajami, da sunan Allah aka buɗe ta, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne ya rubuto daga kusa da birni. Ya ce mutum ba ya fara rubutu da bisimilla ya bi shi da ƙarya.

Ranar kasuwar Tudun Wada ya sa aka kora shanun huɗarmu biyu. An sayi Mai-Tozo. Ɗan-Goshi ba a taya shi da daraja ba, ya dawo da shi sai wata kasuwar. A daren na dawo, na karanta takardar gaba ɗaya, na faɗa masa. Gida uku na bi na hana, su ma sun shirya sayarwa.

Ka san sa ɗaya ba ya jan garma. Su biyun tun suna maruƙa aka haɗa su a karkiya, Mai-Tozo a dama, Ɗan-Goshi a hagu. Ko yau muka sayi wani, ba zai horu kafin ruwa ba. Gonar masarar nan ita ce abincinmu na shekara, kuma ta fi ƙarfin hannun mutum biyu.

Baba bai zage ka ba. Ya tambaye ni ne kawai, "Da ma ana wasa a takarda?"

Dillalin da ya sayar sunansa Mamman, yana zama gindin tsamiya a kara, inda ake cinikin shanu. Abin da na sani ke nan. Ka huta lafiya. Hamman.

*

Bebeji, bayan Sallar Layya.

Daga Mudi zuwa ga Hamman. Gaisuwa, da barka da Sallah, duk da ni ban ga Sallar ba. Ka durƙusa mini a gaban Kawu. Wannan takarda ka karanta ta da kanka, ko da kana kan bishiya ne ka sauko.

Inna ta ji. Ta daina kiran sunana, sai dai ta ce "a faɗa wa malamin tarakta tuwo ya sauka." Na je Tudun Wada na sami Mamman dillali. Ya ja mini rai har na saya masa goro, sannan ya tuna an loda Mai-Tozo a motar wani Alhaji Lado na Bebeji. Jajibirin Layya ne, Hamman. A hanya duk fatar da zan gani a shanye sai in tsaya in duba ko tasa ce.

Yana raye. Alhaji Lado jigo ne a 'yan laima, ya saye shi ne don walimar ranar da za a rantsar da shugaban ƙasa. An ɗaure shi a inuwa, ana ba shi dusa da harawa da kanwa. Ya yi ƙiba har bai gane ni ba, ko kuwa ya gane ni ne ya kau da kai.

Na gaishe da Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, san nan na kawuna ne, ƙaryata ce ta sayar da shi."

Ya ce, "Ƙaryarka ta sayar, gaskiyata ta saya. Sai me?"

Na ba shi labari tun daga farko, mutanensa na zaune a tabarma. Da na kai kan Liman, wani ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Alhaji ya ce shi ba zai sayar ba, ya riga ya nuna wa manyan jam'iyya san, kowa ya yaba.

Na ce, "To ranka ya daɗe, ka san mutanen Doguwa da riƙe magana. Shekara huɗu za su yi suna cewa aikin farko da gwamnatin laima ta yi musu shi ne ta cinye san huɗar tsoho."

Ya dube ni ya ce, "Kai, yaron nan, ɗan wace jam'iyya ne?"

Na ce, "Taku. Ni na fi kowa ihu a Kiru."

Ya ce, "Allah ya raba mu da irin magoya bayan nan."

A ƙarshe ya yarda da aro. A kai shi Doguwa ya yi huɗa, a dawo da shi kafin ranar rantsarwa, ba fashi. Da ya tambayi jingina na duba jikina ban ga komai ba, sai na ce ga ni. To ga ni. Ina kwana a zaurensa, ina share turke, ina yi wa tumaki yankan ciyawa. Kai da kake cewa ɗan mace bawan ɗan namiji ne, ka yi sake wani ya riga ka.

Mai-Tozo na tafe a motar da ta kawo wannan takarda. Allah ya kawo ruwa da wuri. Wassalam.

*

Doguwa, ƙarshen watan Muharram.

Zuwa ga Mudi, bayan gaisuwa. Sa ya iso lafiya tun tuni. Da Ɗan-Goshi ya hango shi ya tsinke igiya. Baba ya daɗe yana shafa wa Mai-Tozo wuya. Ya tambayi abin da ka bayar, na ce kanka. Ya ce, "To Alhajin ya yi haƙuri da yawa."

Ruwa ne bai zo ba. An yi yayyafi sau biyu, ƙasa ba ta jiƙa yadda garma za ta shiga ba. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta kwashe shi. Harawa ta ƙare, ciyawa ba ta fito ba, sai ganyen da nake sassabo musu. Ka san yadda shanu ke yi a bazara.

Mutane a nan sun daina zancen tarakta, sun koma zancen taki. Wasu sun ce farar hula za su kawo shi kafin shuka, wasu sun ce sai masara ta yi bunni kamar kullum. Baba ba ya sa baki. Idan aka kunna rediyo tashi yake yi.

Na ce masa idan ruwa ya makara mu riƙe san, mu aika wa Alhaji kuɗinsa, tunda suna nan ba a taɓa ba. Ya ce a'a. Aro aka ce, kuma ɗan mutane na zaune a madadinsa. Ko kunya ɗaya ba a ja ba, ranar da aka sa zai koma. Ka san shi. Ka gaishe da mai gidan naka. Hamman.

*

Bebeji, farkon watan Safar.

Hamman, gaisuwa a gurguje. Nan an fara kafa rumfa, an yi wa bangon Alhaji fenti, an ɗauko makaɗa. Kullum da safe sai ya leƙo zaure ya ce, "Jingina, ka kwana? Ina sana?" Ni kuma in ce yana gaishe ka.

Jiya na roƙe shi ya karɓi kuɗinsa. Ya ce ba kuɗi ya nuna wa manya ba, tozo ya nuna musu. Na ce to a yanka ni. Ya ce baƙinsa ba sa cin surutu.

Ban taɓa kallon sama kamar bana ba. Da na ga gajimare ya nufi kudu sai in ce masa bi ta Tudun Wada, kada ka tsaya. Ka rubuto mini ko layi ɗaya ne. Mudi.

*

Doguwa, Laraba.

Mudi. Ruwa ya sauka ranar Lahadi, mai yawa. Mun ɗaura karkiya tun asuba, kullum sai rana ta yi zafi muke kwancewa. Mun ci rabin gona da ɗan ɗori. Yau Baba ya kwance Mai-Tozo da hannunsa a tsakiyar kunya, ya wanke masa wuya, ya ce a kai wa mai shi. Na ce a ƙara mana yini biyu mu gama. Ya ce ba mu muka sa rana ba.

Ga shi nan a mota. Ragowar gonar za mu bi da hannu iya inda muka kai. Baba ya ce ka koma wurin mahaifiyarka, ka fita daga jingina. Ya kuma ce in haɗa da kuɗin san in ba ka, ko Allah zai sa a dace. Wannan ba shi ya faɗa ba, ni na ƙara, kuma bai sani ba. Suna hannun direba. Hamman.

*

Tudun Wada, Asabar, ranar rantsarwa.

Hamman. Da aka sauke Mai-Tozo a ƙofar Alhaji, haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta, wuya duk saɓar karkiya, sai Alhaji ya zagaya shi ya ce, "Wannan zan kayar a gaban Ciyaman? A ce mulkinmu da ƙashi ya fara?" Na miƙa kuɗin ban ce uffan ba, karo na farko a rayuwata. Ya karɓa, ya aika a nemo masa wani, ya ce mu ɓace masa da gani, ni da san.

Mun taso a wata mota, amma mai ya ƙare mata a nan, layin gidan mai kuwa ya kai bakin kasuwa. A rediyon direba na ji rantsuwar. An yi alkawura masu daɗi. Rabi iska ta kwashe, rabin kuma Mai-Tozo ya taka mini ƙafa ban ji ba.

Ba zan jira mai ba. Na ba ɗan achaɓa wannan takarda, mu kuma mun kama hanya a ƙasa. Ka tare mu a bakin dajin Falgore da ruwan sha da ɗan abin taɓawa. Kada ku fara bin gonar da hannu, laima ba za ta gudu kafin mu iso ba. Idan mun kusa gida kai za ka shiga gaba, san na biye, ni a can baya. Wassalam. Mudi.