Sunan da Baba Bai Taɓa Kira Ba

Kankara, Oktoba 2021

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Mero, Sabuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Tunda aka yanke layukan waya a yankinmu ban ji muryarki ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar 'yar firamare. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Litinin na je Faskari na kai Baba asibiti Funtua, ganin likitan nan da ya saba saboda hawan jini. Inna ce ta matsa in shiga tare da shi. Ta ce kwanan nan yakan tayar da gida neman hularsa alhali tana kansa, ran nan kuma ya ba tumaki dusa, ya dawo ya zauna, ya tashi ya sake ba su. Na faɗa wa likita haka. Ashe an canza likitan, wannan sabo ne, matashi, da ganinsa a birni ya tashi. Da ya gama awon jini sai ya shiga yi wa Baba tambayoyi: yau wace rana, wane gari muke. Baba ya amsa, har da ɗan gatse. Sai likita ya nuna ni ya ce, “Malam, wannan da ta kawo ka, yaya sunanta?”

Gwaggo, Baba ya juyo ya dube ni. Likita ya sake tambaya. Can ya ce, “Ita ce dai.”

Likita ya ja ni gefe ya ce yana zargin ciwon mantuwa ne ya fara kama shi, mu dawo wata mai zuwa a yi cikakken bincike. Na rasa inda zan sa kaina. Baba fa! Mutumin da ya yi hedimasta har ya yi ritaya, wanda in ya gamu da tsohon ɗalibinsa a kasuwa zai faɗi sunansa, da na ubansa, da bencin da yake zama.

Na san abin da za ki ce. Ni ce 'yar fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na so in yi wa likitan bayani, kunya ta hana ni. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Baba bai sunkuyar da kai ba kamar yadda yake yi in zancena ya taso. Ni ya kalla, ido cikin ido, ya daɗe yana kallo. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ki gaya mini abin da kika gani.

A gaida kowa. Jikokinki Muslim da Nana Khadija suna gaishe ki, suna tambayar alkakinsu.

Ɗiyarki,
Amatullah

*

Sabuwa

Amatu tawa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, sai gwiwar nan da ta ƙi ni. Takardarki ta iso, na karanta farkonta gabana na faɗuwa, na kai ƙarshenta ina dariya har maƙwabta suka leƙo.

Ke da likitan naki duk ku zo in ba ku magani. Yaya Gide ne zai buɗe baki gaban baƙo ya ce Amatullah? Ai ko wuƙa aka ɗora masa a wuya. Ke ba ki san rabin kunyar mutumin nan ba. Ranar sunanki tun da asuba ya ɗauki keke ya bar garin, sai Yargoje, wai ya je duba gonar abokinsa, a tsakiyar rani! Da aka yaye ki aka kawo mini ke nan Sabuwa, in ya zo sai ya tsaya daga zaure ya ce, “Mero, ɗiyar taki lafiya?” Ɗiyar tawa kuwa, kamar ni na yi naƙudar.

Ko kin manta ranar rabon kyaututtuka, bayan kin koma Faskari makaranta? Kika zo ta ɗaya, shi ne hedimasta, shi ke kiran sunaye. Ya kira ta uku, ya kira na biyu, da ya iso kanki sai tari ya sarƙe shi, ya miƙa wa mataimakinsa takardar ya fita neman ruwa. Duk iyayen da ke wurin sun gane. Wannan likita da a ƙauye ya tashi, da bai ma yi tambayar ba.

Batun hula kuwa, ni da ke rubuto miki jiya na nemi carbina har cikin buhun gero, ashe yana wuyana. Tsufa ne, kowa zai zo wurin. Kallon da ya yi miki kuma, ina jin cewa yake ki cece shi, ke kuwa kika tsaya kamar turmi.

Ki kwantar da hankalinki, kada ki tayar wa uwarki da nata. Alkaki yana cikin ledar da direba zai ba ki, kada ki bari maigidanki ya riga yaran.

Gwaggonki,
Mero

*

Faskari, Nuwamba 2021

Zuwa ga ƙanwata, Hajiya Mero.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke muna nan ƙalau. Dalilin wannan takarda shi ne in kawo miki ƙara, tunda ke ce uwar ɗiyar.

An kai ni asibiti an ci mini fuska. Yaron da bai kai sa'an ɗalibaina na ƙarshe ba ya zaunar da ni yana tambayata yau wace rana, kamar na zo ɗaukar aji ɗaya. Wannan duk na haƙura. Amma ya nuna ɗiyar taki ya ce in faɗi sunanta! Ban san abin da ake koya musu a makarantun yanzu ba. Tun daga ranar gidan nan ya canza mini. In na tashi za ni masallaci sai in ji ɗana Salim a bayana, wai shi ma can za shi, yaron da a da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi. Suwaibatu mai ɗakina kuma ta ɓoye mini keke, ta ce taya ce ta lalace. Na duba, babu abin da ya samu taya.

In ban da wannan, ritaya ba ta da laifi. Da safe in ba zogalena ruwa, in saurari rediyo, in fita majalisa ƙofar shagon tela mu gyara Nijeriya da baki har azahar, mu watse ba mu gyara komai ba.

Na yanke shawarar kai jikoki Sheme ranar Asabar su ga gidan da aka haife mu. Yaran nan sun san sunayen 'yan ƙwallon Turai, ba su san inda cibiyar kakansu take ba. Kwanan nan garin yana yawan zo mini a rai, Mero. Tsamiyar Dada mahaifiyarmu, inda take zama tana kaɗi. Rijiyar bayan masallaci mai ruwa kamar an sa ƙanƙara. Ko kin tuna ranar da kika bi ni marina kina kuka, kika zame kika faɗa cikin ramin shuni? Aka tsamo ki shuɗiya tun daga kai har ƙafa, Dada ta yi ta dirza ki da toka, yara suka yi ta kiranki 'Yar Shuni har aka yi girbi. Ina rubutun nan ina dariya ni kaɗai.

Ki gaishe mini da maigidan naki Malam Mas'udu da kyau. Ki ce masa na ji shiru game da irin dawar da ya yi mini alkawari, kuma ya daɗe bai leƙo mu ba. In ya samu hali ya same mu Sheme.

Haza wasalam.

Yayanki,
Malam Gide, tsohon hedimasta

*

Sabuwa

Amatu,

Salama. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa. Takardar Yaya ta same ni ina tankaɗe, kuma tun da na karanta ta ban iya komawa kan garin ba.

Ya ce in gaida Malam Mas'udu. Ya ce ya same su Sheme. Amatu, Malam ya kusa shekara uku a kabari. Yaya ne ya yi masa wanka, shi ya ja sallar, shi ya riƙe ni da na faɗi a tsakar gida. Na karanta layin nan har na haddace shi, ko zan ga alamar wasa. Yaya ba ya wasa da mamaci.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi miki dariya, ki yafe mini. Ki bar duk abin da kike yi ki bi su ranar Asabar, kada ki ɗauke ido daga kansa. Da gwiwata za ta bar ni da na riga ku isa. Ki rubuto mini da kun dawo.

Mero

*

Kankara

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Mun je mun dawo lafiya. Salim ya ja motar, muka fita da hantsi muka juyo kafin la'asar saboda halin da hanya take ciki.

Da muka shiga Sheme sai na ce a raina mun ɗauki alhakin Baba. Ya sauka daga mota ya shige gaba, yaran na binsa, lungu-lungu bai ɓata ko ɗaya ba. Ya nuna musu inda marina take a da, yanzu shagon cajin waya ne a rufe. Ya ba su labarin 'Yar Shuni, Nana Khadija ta yi dariya har da zama a ƙasa. Ya faɗi sunan mai kowane gida da sana'arsa, tsofaffin garin na gyaɗa kai. Rabon da in ga fuskarsa haka na manta. Inna ta matso ta raɗa mini, “Kin gani ko? Lahiyarshi lau.”

Muka shiga tsohon gidan. Matan suka fito da guɗa, Baba Sa'adiya matar kawunku ta rungume ni tana cewa, “Amatullah ce wannan? Amatullah ta zama babbar mace!” Aka shimfiɗa wa Baba tabarma gindin tsamiya, aka dama fura. Na zuba a kwano na kai masa, na durƙusa, na ajiye, na juya zan tashi.

Sai na ji ya ce, “Amatullah.”

Gwaggo, ludayin da ke hannun Inna ya faɗi. Salim ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ni kuwa ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Na haura arba'in, na yi aure, na haihu, ban taɓa sanin ina jiran wannan ba sai da na ji shi. Ya faɗe shi daidai, a hankali, kamar yadda malamai ke faɗa. Hawaye suka zubo mini, na ce, “Na'am, Baba.”

Ya yi murmushi irin wanda yake yi wa baƙi. Ya ce, “Haka na ji suna kiranki. Allah shi yi maki albarka, kina da ladabi. Ke ɗiyar wa ce nan gidan?”

Ban san yadda na tashi ba. Baba Sa'adiya ce ta ja ni ɗakinta, na cusa fuska cikin zanenta kada yaran su ji. Da muka fito ya shanye furarsa yana koya wa Muslim yadda ake ɓare tsamiya. A mota bai yi mini magana ba, sai da muka isa Faskari ya sauka, ya leƙo ta taga ya ce in gaida mutanen gidanmu, kuma ya gode da rakiya.

Ba za mu jira wata ya cika ba, jibi za mu koma wurin likita. Na yi magana da maigidana, zan koma Faskari da zama na ɗan lokaci. Inna ba ta ci komai ba tun jiya. Ki yi mana addu'a, Gwaggo, ni na rasa ma me zan roƙa.

Ɗiyarki,
Amatullah

*

Faskari

Zuwa ga ƙanwata, Hajiya Mero.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mun je Sheme, tsamiya tana nan, ta yi 'ya'ya sosai bana.

Mun samu wata baƙuwa a gidan nan, Amatullah. Mace mai hankali. Ita ke ba ni magani, ita ke ba zogale ruwa, jiya har aski ta sa aka zo aka yi mini. Sai dai yawan kuka gare ta, ban tambayi dalili ba, kada in shiga abin da ba ruwana.

Abin da ya dame ni shi ne ɗiyar taki. An yi tafiyar nan ba ta zo ba, kuma har yau ba ta leƙo ba. Ba halinta ba ne. Kada ki ce ni na tambaya. Ki dai bincika mini a hankali ko lafiya, in kuma wani abu na yi mata, ki ba ta haƙuri. Ki ce ta zo, ina son ganinta.

Wasalam.

Yayanki,
Gide