Buhun da Ba Shi da Hoto

Daren Laraba, Batsari

Na kasa barci. Yau ƙungiyarmu ta raba gero ga mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Ruma. Alhajin da ya turo kuɗin ya ce duk wanda ya karɓi buhu a ɗauke shi hoto, don ya tabbatar ba mu ci ba. Ban ga laifinsa ba, an sha cutarsa.

Da layi ya zo kan Baba Ilu, ina ɗaga waya in ɗauke shi hoto sai ya saki bakin buhun. Mutumin da zakkar gonarsa kaɗai take ciyar da unguwa guda a da!

Ya ce, "Malam, lokacin da nake bayarwa, sai bayan isha'i nake aikawa, don kada maƙwabci ya gani. In sai da hoto, a bar shi."

Na mayar da wayar aljihu, na ɗora masa buhun a babur da kaina.

Yanzu ma'aji sai kirana yake, wai buhu ɗaya babu shaida. Gobe zan gaya wa Alhaji gaskiya. In bai yarda ba, a ce ni na cinye.